Gadajen asibiti na raguwa, marasa lafiya na ƙaruwa: yaya lissafin yake?

Ta yaya ƙasa za ta rage gadajen asibitocinta da fiye da rabi, amma ta ci gaba da duba marasa lafiya fiye da yadda take dubawa a da? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da aka ga hoton tsoho kwance a barandar asibiti don ba a samu inda za a kwantar da shi ba, ko motocin ɗaukar marasa lafiya sun yi layi a ƙofar sashen gaggawa. Tun bayan annobar korona maganar ta ƙi mutuwa.

Ingila ce aka fi kawowa misali, domin ta daɗe tana ajiye alƙalumanta a fili. A shekarar kuɗi ta 1987/88 hukumar lafiyarta, NHS, tana da gadaje kusan 299,000. Zuwa 2019/20 sun koma kusan 141,000, kamar yadda cibiyar bincike ta King's Fund ta tattara. A tsakanin nan jama'ar ƙasar sun ƙaru, tsofaffi sun yi yawa, waɗanda ake kwantarwa a shekara ma sun ƙaru sosai. Amurka ta bi wannan hanya: daga gadaje kusan miliyan 1.5 a 1975 zuwa kusan 920,000 a 2019.

Wasu na cewa wannan sakaci ne da tsuke bakin aljihu. Wasu kuma na cewa ci gaban aikin likita ne. Kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, kuma ba za a gane inda kowa ya tsaya ba sai an fara sanin abin da ake ƙirgawa.

Me ake nufi da gado?

A lissafin asibiti, gado ba ƙarfe da katifa ba ne kawai. Gadon da ake ƙirgawa shi ne wanda yake a shirye a kwantar da mutum, da ma'aikaciyar jinya da za ta duba shi dare da rana, da likita mai zagayawa, da iskar oksijin da magani da mai shara da mai wanki. Asibiti zai iya samun ɗaki cike da gadaje amma a kulle, saboda babu ma'aikatan da za su riƙe shi. Irin waɗannan ba sa shiga lissafi, kuma bai kamata su shiga ba.

Sannan gadajen ba iri ɗaya ba ne. Akwai na masu ciwon gaggawa da waɗanda aka yi wa tiyata, akwai na haihuwa, akwai na masu taɓin hankali, akwai na doguwar jinya, akwai na sashen kulawa ta musamman inda na'ura ke taya mutum numfashi, wanda sau da yawa ma'aikaciyar jinya ɗaya mutum ɗaya take kula da shi. Akwai kuma gadon yini, wanda ake kwantar da mutum da safe a sallame shi kafin dare. Idan aka haɗa su duka aka ba da lamba guda, lambar takan ɓoye fiye da abin da ta bayyana.

Kwana nawa mutum yake yi?

Nan ne zuciyar maganar. Abin da asibiti yake da shi a haƙiƙa kwanaki ne, wato yawan gadaje sau kwanakin shekara.

A ɗauki asibiti mai gado 100, a ce a matsakaici 85 ne ke da mutane a kai kowane dare. A shekara yana da kwanan gado kusan 31,000. Idan kowane majinyaci yana yin kwana 10 kafin a sallame shi, mutum kusan 3,100 za a kwantar. Idan kwanakin suka dawo 5, wannan asibitin dai, ba a ƙara masa ko gado ɗaya ba, zai kwantar da kusan 6,200. A juya lissafin: gado 50 zai yi aikin da gado 100 yake yi a da.

Wannan shi ne abin da ya faru a ƙasashe masu arziki cikin shekaru hamsin zuwa sittin da suka wuce. Kwanakin kwanciya sun yi ta gajarta, sai gado ɗaya ya riƙa karɓar mutane da yawa a shekara. Amma lissafin nan yana aiki ta baya ma. Idan matsakaicin kwanciya ya ƙaru da kwana ɗaya tak, daga 5 zuwa 6, asibitin ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin shida na mutanen da zai iya karɓa, ba tare da kowa ya rufe ɗaki ba.

Gadajen da suka fara tafiya

Mafi yawan gadajen da suka ɓace ba na masu haɗarin mota ko masu bugun zuciya ba ne. Na mutanen da ake ajiyewa shekara da shekaru ne.

Na farko su ne na tarin fuka. Kafin a samu magani, abin da ake yi wa mai wannan ciwo shi ne a kai shi gidan jinya na musamman ya kwanta watanni, wani lokaci shekaru, yana shan iska yana hutawa. Da aka gano streptomycin a tsakiyar shekarun 1940, aka kuma samu isoniazid a 1952, sai gidajen nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, kuma mafi girma, su ne na masu taɓin hankali. A 1955 asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka suna riƙe da mutane kusan 559,000. Maganin chlorpromazine, wanda aka fara amfani da shi a Paris a 1952, ya sa da yawa suka samu sauƙin da za su iya zama a waje. Ga kuma labarai marasa daɗi da suka riƙa fitowa game da yadda ake wulaƙanta mutane a manyan gidajen nan. A 1961 ministan lafiyar Birtaniya, Enoch Powell, ya fito fili ya nemi a rufe su. Italiya ta yi doka a 1978, wadda aka fi sani da sunan likita Franco Basaglia, ta hana shigar da sabbin mutane irin waɗannan asibitoci. A Ingila, daga 1987 zuwa 2020, gadajen masu taɓin hankali sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, na masu lalurar koyo kuwa kusan duka sun tafi.

Fitar da mutanen nan daidai ne, ba ni da shakka a kai. Inda aka gaza shi ne alkawarin da aka yi na gina musu kulawa a cikin al'umma, wanda a wurare da yawa ba a cika shi yadda ya kamata ba. Wasu sun koma hannun iyalansu ba tare da tallafi ba, wasu sun ƙare a titi, a Amurka kuma da yawa sun ƙare a kurkuku.

Na uku su ne na tsofaffi masu doguwar jinya, waɗanda aka mayar gidajen kula da tsofaffi. A Ingila wannan ya zo da wani sauyi da mutane ba su cika lura da shi ba: jinya a asibitin NHS kyauta ce, amma gidan kula da tsofaffi sai an duba abin da mutum ya mallaka, mai hali shi zai biya. Gadon ya fita daga lissafin asibiti, nauyinsa ya koma kan iyali da ƙaramar hukuma.

Abin da ya gajarta kwanciya

Kafin shekarun 1950, wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi kusan mako shida ba ya ko juyawa da kansa. A 1952 likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da majinyacin a kujera tun da wuri ya fi masa. A yau ana buɗe jijiyar da ta toshe cikin sa'o'i, mutum ya koma gida bayan 'yan kwanaki. Macen da ta haihu lafiya a da takan yi mako guda ko kwana goma a asibiti, yanzu kwana ɗaya ko biyu ne, wata ma a ranar take tafiya.

Tiyata ta canza fiye da komai. Cire maɗaciya a da sai an tsaga ciki sosai, mutum ya yi kusan mako a kwance. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan aikin Erich Mühe a Jamus da Philippe Mouret a Faransa, aka koma yin ƙananan huji a zura kyamara, kuma da yawa ana sallamarsu a ranar. Cire yanar ido, wanda a da ake kwantar da mutum kwanaki a hana shi motsa kai, yanzu aikin ƙasa da awa guda ne. Shi ya sa a daidai lokacin da gadajen kwana ke raguwa a Ingila, gadajen yini suka tashi daga kusan 2,000 zuwa fiye da 12,000.

An kuma fahimci cewa kwanciyar kanta tana da illa. Tsoho da ya yi kwana goma a gado ƙarfin ƙafafunsa yakan ragu, wani ya rikice, wani ya samu gyambon kwanciya ko ya kwashi ƙwayar cutar da ba da ita ya zo ba.

Sai dai ba ilimi kaɗai ya yi aikin ba, kuɗi ma ya sa hannu. A 1983 shirin Medicare na Amurka, mai biya wa tsofaffi kuɗin asibiti, ya daina biyan abin da asibiti ya kashe, ya koma biyan ƙayyadadden kuɗi gwargwadon irin ciwon. Tun daga ranar kowane ƙarin kwana ya zama asara ga asibiti, kwanakin kuwa suka faɗi nan da nan. Jamus ta ɗauki irin wannan tsari a farkon shekarun 2000. Masu suka sun ce an koma sallamar mutane da sauri alhali ba su gama murmurewa ba, kuma a wasu lokuta haka ɗin ne, domin wanda aka sallama ya dawo bayan mako biyu ba a rage komai ba, an dai ƙirga shi sau biyu.

Mai gado da yawa ya fi lafiya ke nan?

Alƙaluman OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, na shekarun baya-bayan nan sun nuna Japan da Koriya ta Kudu suna da fiye da gado 12 ga kowane mutum dubu, Jamus kusan 8, Amurka ƙasa da 3, Birtaniya kusan 2.5, Suwidin kusan 2. Tazarar tana da girma, amma ba ta tafiya tare da tsawon rai: mutanen Suwidin sun fi na Jamus daɗewa a duniya a matsakaici. Babu kuma wani adadi guda da duniya ta amince cewa shi ne daidai ga kowace ƙasa.

Wani ɓangare na bambancin daga ƙirgen ne. Japan tana da gadajen masu taɓin hankali fiye da 300,000, kuma ta daɗe tana ajiye tsofaffi a asibiti, aikin da wasu ƙasashe suka mayar gidajen kula. Wani ɓangaren kuma shi ne abin da Milton Roemer ya lura da shi a Amurka wajen 1960, bayan dokar Hill-Burton ta 1946 ta zuba kuɗi a ginin asibitoci: inda akwai inshorar da za ta biya, gadon da aka gina sai ya samu mai kwanciya. Likita da ke da gado a buɗe ya fi saurin cewa a kwana a gani. Wannan tunani ne ya sa masu tsara manufofi suka daina kallon yawan gadaje a matsayin abin alfahari. A 2019 wani binciken gidauniyar Bertelsmann ya ce Jamus za ta fi samun ingantacciyar jinya da asibitoci ƙasa da 600 maimakon kusan 1,400, kuma a ƙarshen 2024 majalisar ƙasar ta amince da dokar sake fasalin asibitoci.

Gadon da babu kowa a kai

A idon mai lissafin kuɗi, gadon da ba kowa asara ne. A idon wanda ke riƙe da sashen gaggawa da ƙarfe biyun dare, shi ne abin da ya fi komai daraja, domin ciwo ba ya zuwa da alkawari. Ranar Litinin ba kamar Laraba ba ce, hunturu da murarsa ba kamar bazara ba ne, haɗarin mota ɗaya kuma zai iya kawo mutum goma a lokaci guda.

A 1999 Adrian Bagust da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta BMJ da ya nuna cewa idan matsakaicin cikar gadaje ya wuce kashi 85 cikin ɗari, haɗarin rasa gado yakan fara bayyana, idan ya kai 90 kuwa ƙarancin yakan zama ruwan dare. Ba doka ba ce da ta hau kan kowane asibiti, babba ya fi ƙarami iya jure cika, amma ta nuna inda hanyar ta dosa. A 2019/20 matsakaicin Ingila ya kai kashi 90, a hunturu kuma yakan haura 95.

Abin da ke faruwa a irin wannan asibiti a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa jinya. An gama duba mutum a sashen gaggawa, likita ya ce a kwantar da shi, amma babu gado a ɗakunan kwanciya, sai ya zauna a kan gadon da ake tura marasa lafiya a kai sa'o'i goma ko fiye. Tunda bai tashi ba, wanda motar asibiti ta kawo ba shi da wurin sauka, motar ta tsaya a ƙofa. Tunda motar na tsaye, wanda ya faɗi a gida yana kiran waya babu mai zuwa. Da safe kuma a kira matar da ta yi wata takwas tana jiran a canza mata ƙashin ƙugu a ce an ɗage aikin, saboda gadon da aka tanadar mata an ba wani da daddare. Ma'aunin da NHS ta ɗora wa kanta, na a gama da kashi 95 cikin ɗari na masu zuwa sashen gaggawa cikin awa huɗu, ba a cim ma shi a faɗin Ingila ba tun 2015.

A ganina nan ne aka wuce gona da iri. Rage gadajen tarin fuka da na manyan gidajen mahaukata ci gaba ne. Rage rarar da asibiti ke numfashi da ita kuskure ne, kuma an yi shi ne bisa zaton cewa kwanakin kwanciya za su ci gaba da faɗuwa har abada. Ba za su yi ba. Aikin da ya riga ya koma na yini ɗaya ba shi da sauran abin ragewa, waɗanda suka rage a kan gadaje kuma su ne tsofaffi masu ciwo uku ko huɗu a haɗe, suga da hawan jini da ƙoda da mantuwa, waɗanda ba a sallamarsu da gaggawa.

Ƙofar fita

Asibiti kamar magudanar ruwa yake, idan ta toshe a ƙasa a sama ake ganin ambaliya. Jama'a na ganin cunkoso a ƙofar shiga, alhali sau da yawa matsalar tana ƙofar fita. A hunturun 2022/23, a kowace rana fiye da mutum 12,000 a asibitocin Ingila likita ya riga ya ce sun isa sallama amma suna nan kwance, wato fiye da gado ɗaya cikin goma. Wata tana jiran a samo mai zuwa gida ya taimaka mata da wanka, wani yana jiran gurbi a gidan kula da tsofaffi, wani ana jiran a gyara masa bayi ko a kawo keken guragu. Gina sabon ɗaki mai gado talatin a irin wannan hali zai ba da sauƙi na 'yan watanni, sannan shi ma ya cika da masu jiran fita.

Abin da korona ta nuna

Annobar ta ba kowane ɓangare hujja. Jamus ta shiga annobar da gadajen kulawa ta musamman kusan 30 ga kowane mutum dubu ɗari, Birtaniya ba ta kai rabin haka ba, har Jamus ta karɓi marasa lafiya daga Italiya da Faransa a 2020. Ingila kuwa sai da ta dakatar da tiyatar da ba ta gaggawa ba don ta samu wuri, kuma jerin masu jiran magani ya tashi daga kusan miliyan 4.6 kafin annobar zuwa kusan miliyan 7.7 a 2023.

A ɗaya hannun, asibitin wucin gadi na Nightingale da aka buɗe a Landan a Afrilun 2020, wanda aka tsara zai iya kai gado 4,000, mutanen da ya karɓa a zagayen farko ba su kai ɗari ba, kuma rashin ma'aikata na cikin manyan dalilai. Japan ma, duk da yawan gadajenta, a bazarar 2021 an samu masu korona da suka rasa asibitin da zai karɓe su, domin gadajen sun warwatsu a ƙananan asibitoci masu zaman kansu da ba su da ma'aikata ko kayan kula da mai tsananin ciwo. Ana iya kafa gado dubu cikin kwana goma, kamar yadda China ta yi a Wuhan, amma horar da ma'aikaciyar jinya shekara uku ne ko fiye.

Inda ya shafi mai jinya da iyalinsa

Sabon abin da ake gwadawa shi ne kwantar da mutum a gidansa, a ba shi na'urar auna oksijin da hawan jini, ma'aikata su riƙa dubawa ta waya suna kuma leƙo shi. A 2023 NHS ta sanar da cewa irin waɗannan gurabe sun kai 10,000. Ga wanda ke da gida mai kyau da mai taimaka masa, wannan ya fi kwanciya a ɗakin mutum shida. Amma aikin da ma'aikaciyar jinya take yi da dare wani ne zai yi shi, kuma galibi mata ce ko 'ya, wadda ba a biyanta kuma ba ta cikin kowane lissafi.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma sai su yi hattara da wannan muhawara. Da yawa a Afirka da kudancin Asiya ba su kai gado ɗaya ga mutum dubu ba. Wanda ya sauko daga 8 zuwa 4 bayan ya gina likitocin unguwa da gidajen kula da motocin gaggawa, ba halinsu ɗaya da wanda bai taɓa kaiwa 1 ba. A irin waɗannan wurare ana bukatar ƙarin gadaje na gaske, kuma babban cikas shi ne mutanen da za su riƙe su: a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya kusan miliyan 10 nan da 2030, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda kuma su ne ma'aikatansu ke ƙaura zuwa ƙasashen da suka fi biya.

Saboda haka idan wani jami'i ya sanar da ƙarin gadaje ɗari biyar, abin tambaya shi ne wane iri ne, ma'aikata nawa aka ɗauka dominsu, kuma daga ina aka ɗebo su. Idan kuma aka ce za a rufe wani ɗaki saboda jinya ta koma gida, sai a nemi a ga ma'aikatan da za su riƙa zuwa gidajen sun fara aiki kafin ranar da za a sa wa ɗakin kwaɗo.